Wata tara tsakanin ejan da masana'anta: yadda wani akawun sito ya karɓo haƙƙinsa a Kano

Wanda abin ya shafa

Matashi ne ɗan shekara 26, mazaunin Kano, mai difloma a fannin harkokin kasuwanci. Ya yi shekara biyu yana kai takardun neman aiki ofis-ofis, yana kuma taya wani yayansa tsaron shago don ya samu na kashewa. Ba za a ambaci sunansa ba, haka ma kamfanonin da ya yi hulɗa da su.

Sai an fahimci tsarin da ya faɗa ciki kafin a gane matsalarsa. Masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai da Chalawa ba sa ɗaukar ƙananan ma'aikata da kansu. Sukan ƙulla yarjejeniya da kamfanin samar da ma'aikata, wanda ma'aikatan ke kira ejan, su tura masa albashi da ladansa a dunƙule duk wata, shi kuma ya raba wa mutanen da ya kawo. Ma'aikaci yana karɓar umarni daga wuri ɗaya, albashi kuma daga wani wuri. Doka ba ta hana wannan ba. Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce mai ɗaukar aiki shi ne wanda ya ƙulla yarjejeniya da ma'aikaci, ko don kansa ko don ya yi wa wani aiki. Sai dai dokar ta wajabta wa mai wannan sana'a ya samu lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Fabrairu 2024: ejan na farko

Ya ga sanarwa a wani zauren WhatsApp cewa ana neman ma'aikata cikin gaggawa a "wani babban kamfani". Ba a faɗi sunan kamfanin ba. Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wata filaza, da tebur biyu da hoton takardar rajistar CAC, wato Hukumar Rajistar Kamfanoni, manne a bango. An karɓi naira 5,000 kuɗin fom, da naira 15,000 kuɗin horo da gwajin lafiya, duk a hannu, ba rasit. Ganawar ba ta wuce minti biyar ba. Aka ce masa za a kira shi cikin mako biyu.

A mako na uku wayar ta daina shiga. Da ya je ya tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadin filazar ya ce hayar wata ɗaya suka biya. Ya kai ƙara ofishin 'yan sanda, aka rubuta, amma ba shi da rasit, ba shi da lambar asusu, sunan da aka ba shi ma ba cikakke ba ne. Naira 20,000 ɗin ba ta dawo ba.

Takardar CAC da ke bango ita ta kwantar masa da hankali, kuma ita ce ke ruɗar mutane da yawa. Abin da take nunawa kawai shi ne an yi rajistar suna. Ba izinin ɗaukar ma'aikata ba ce. Wannan izinin lasisi ne daban na Ma'aikatar Ƙwadago, kuma mai neman aiki yana iya cewa a nuna masa. Game da kuɗin fom kuwa, Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 2023, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanin samar da aiki ba zai caji ma'aikaci ba, kai tsaye ko a fakaice. Ladan ejan yana wuyan wanda ke neman ma'aikata.

Afrilu 2024: aiki ya samu, takarda ba ta samu ba

Ejan na biyu na gaske ne, yana da ofis na dindindin da lasisi. Ya tura shi wata masana'anta a Sharaɗa a matsayin akawun sito, ya fara ranar 2 ga Afrilu. Aikinsa rubuta kayan da suka shiga da waɗanda suka fita, da ƙirga katan a bakin mota. Awa goma sha biyu a rana, kwana shida a mako, albashi naira 45,000.

Kafin ya fara, an ba shi fom mai shafi biyu ya sa hannu a tsaye, aka karɓe. Bai samu kwafi ba. An nemi masu tsaya masa mutum biyu, da lambar asusun banki, da lambar asusun fansho, wanda ya je ya buɗe a makon. An ba shi katin shaida mai ɗauke da tambarin masana'antar a sama, da sunan ejan a ƙasa da ƙananan haruffa.

Ƙarshen wata alat ya shigo: naira 18,900. Da ya tambayi kodinetan ejan, sai ya lissafa masa: rabin albashin farko, wato 22,500, kamasho ne na sama masa aiki, kuma yana cikin fom ɗin da ya sa wa hannu, 3,600 kuma fansho ne, kashi 8 cikin ɗari. Kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa naira 800 ne a rana, kusan 20,000 a wata. A watan farko dai abin da ya karɓa bai biya masa kuɗin mota ba.

Daga Mayu albashin ya tsaya a 41,400. Yakan shigo tsakanin ranar 5 zuwa 12 ga wata mai bi, kuma amsar da ake bayarwa kullum ɗaya ce: masana'anta ba ta saki kuɗi ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci rubutacciyar takarda kafin wata uku ya wuce da fara aiki, mai ɗauke da sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da albashi, da awoyin aiki, da hutu, da wa'adin sallama. Wata uku ya cika a farkon Yuli. Maimakon takarda, kodineta ya sanar da su da baki cewa an sabunta musu kwantiragi na wani wata ukun. Haka aka sake yi a Oktoba.

Agusta zuwa Nuwamba 2024: abin da aka gwada bai yi ba

Ranar 29 ga Yuli 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, daga 30,000 na dokar 2019. Dokar ta shafi kamfanoni masu zaman kansu, ban da waɗanda ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya bisa kamasho ko yawan abin da suka yi. Ejan yana da mutum wajen sittin a wannan masana'anta kaɗai. Albashinsu bai motsa ba.

Matashin ya fara da kodineta. Ya yi masa magana sau huɗu tsakanin Agusta da Oktoba, duk da baki. Kodineta ya ce shi ɗan aike ne, a yi haƙuri, maganar tana sama. Daga nan ya je wurin jami'in kula da ma'aikata na masana'antar, wanda ya saurare shi cikin mutunci, sannan ya ce masa: "Malam, kai ba ma'aikacinmu ba ne, je ka ga mutanenku." Ya koma ofishin ejan, aka ce masa su ba sa buga kuɗi, abin da masana'anta ta ba su shi suke rabawa. Ya yi wannan safa da marwa har sau uku.

Akwai ƙungiyar ma'aikata a masana'antar, amma ta masu aikin dindindin ce. 'Yan kwantiragi ba sa cikin rajistarta, kuma an sha gaya musu cewa ba su da ikon shiga. Wannan ba gaskiya ba ne, domin sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, Dokar Ƙwadago kuma ta hana a sa rashin shiga ƙungiya ya zama sharaɗin aiki. Amma babu wanda ya so ya zama na farko.

A tsakiyar Nuwamba wasu masu lodi suka ajiye aiki na rabin yini. Kashegari aka hana huɗu daga cikinsu shiga a bakin get, ejan ya kawo wasu huɗu kafin azahar. Masana'anta ba ta kori kowa a takarda ba, ta dai ce a canza mata su. Matashin bai shiga yajin ba, amma an san shi ne mai yawan tambaya.

30 ga Disamba 2024: saƙon sallama

Ranar Litinin da daddare saƙo ya shigo wayarsa daga kodineta: kwantiragi ya ƙare, kada ya zo aiki daga 1 ga Janairu, ya dawo da katin shaida. Albashin Disamba kuma sai an gama bincikar sito. Aka gama binciken, ba a samu giɓi ba, albashi bai fito ba.

Ya sake zuwa wurin 'yan sanda. Suka ce masa wannan maganar kwantiragi ce, ba laifi ba, kuma sun yi daidai: Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai. Ya yi mako biyu yana sintiri a ofishin ejan, ana ce masa manaja ya fita.

Janairu 2025: tara hujja

Wani dattijo a unguwarsu, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago a masaƙa, shi ya ce masa ya daina zuwa da baki, ya je ya tattaro takardu. Tambayar farko da ya yi masa ita ce ko ya taɓa ganin alat daga kamfanin fanshonsa. Bai taɓa gani ba.

Ya je banki ya karɓo sitatimen na wata tara. A ciki ana ganin sunan ejan a matsayin mai turo kuɗi, da adadin, da ranar da kowane albashi ya shigo. Ya je ofishin kamfanin fanshonsa da lambarsa, aka buga masa bayanin asusu: babu ko sisi tun ranar da aka buɗe shi. Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10, a tura duka cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi, kuma ta wajaba kan duk kamfani mai ma'aikata 15 zuwa sama. An yanke masa 3,600 sau takwas, jimilla 28,800, ba a tura ba, kashi 10 na ejan ma ba a saka ba.

Katin shaidar bai mayar ba sai da ya ɗauki hotonsa gaba da baya. Ya adana saƙon sallama. Wani abokin aikinsa da ke ciki ya ɗauko masa hotunan rajistar shiga da fita, wadda ta nuna sa hannunsa daga Afrilu zuwa Disamba ba tare da yankewa ba.

Sannan suka zauna da dattijon suka yi lissafi a takarda ɗaya. Cikon albashi daga Agusta zuwa Nuwamba, 25,000 sau huɗu, 100,000. Albashin Disamba a sabon farashi, 70,000. Kuɗin wa'adi: sashe na 11 ya ce wanda ya yi fiye da wata uku amma bai kai shekara biyu ba, a ba shi sanarwar mako ɗaya a rubuce, ko a biya shi madadinta, an ba shi kwana ɗaya, don haka suka sa 16,150. Kamashon watan farko, 22,500. Jimilla 208,650. Fansho suka ware shi daban, tunda ba a hannu ake karɓarsa ba: wata huɗu a kan 8,100, wata biyar a kan 12,600, ya kama 95,400.

Dattijon ya hana shi sa kuɗin ƙarin awoyi a lissafin, ko da yake shi ne abin da ya fi ci masa rai. Dalilinsa shi ne sashe na 13 ya bar awoyin aiki ga yarjejeniyar ɓangarorin biyu, bai kuma yanke farashin awar da ta ƙaru ba. Tunda babu takardar da ta ce awa takwas ce ƙa'ida, ejan zai ce sha biyun aka shirya a kai tun farko, kuma rauni ɗaya a cikin lissafi yana ba ɗaya ɓangaren abin riƙewa.

Matashin ya nemo wasu mutum goma da aka sallama ko aka hana shiga, kowa ya yi nasa lissafin.

20 ga Janairu zuwa 5 ga Maris 2025: wasiƙa da zaman sulhu

Ranar 20 ga Janairu suka kai wasiƙa mai shafi ɗaya ofishin ejan, da sa hannun mutum goma sha ɗaya, da lissafin kowa a manne, da wa'adin kwana goma sha huɗu. Sun je da kwafi biyu, suka nace sai da sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a nasu. A ranar suka kai kwafi ofishin kula da ma'aikata na masana'antar, nan ma aka buga musu hatimi. Wasiƙar ba ta zagi kowa ba, ba ta kira kowa ɓarawo ba. Ta faɗi ranakun aiki, da abin da aka biya, da abin da doka ta ce, da abin da ya rage.

Wa'adi ya cika ba amsa. Ranar 5 ga Fabrairu suka shigar da koke a ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano, zuwa ga Kwanturola, wato shugaban ofishin, suka haɗa da kwafin komai. Ba a biyan kuɗi. Sun sa sunan ejan da na masana'antar duka a koken, kuma jami'in ƙwadago ya aika wa kowannensu takardar gayyata.

Zaman 19 ga Fabrairu bai yiwu ba, ejan bai zo ba. An sake sa 5 ga Maris, cikin azumi, kowa ya halarta.

Wakilin ejan ya fara da cewa ma'aikatan ofishinsu shida ne kacal, don haka dokar albashi da ta fansho ba su hau kansu ba. Jami'in ya tambaye shi, to mutum sittin da ke Sharaɗa na waye? In na ejan ne, ya haura 25 nesa ba kusa ba. In ba nasa ba ne, to na masana'anta ne, ita za ta biya. Nan wakilin masana'antar ya buɗe fayil. Takardun biyan da ya nuna sun tabbatar da cewa tun Oktoba suke biyan ejan a kan 70,000 kowane mutum, kuma tun Afrilu akwai layin kashi 10 na fansho a cikin kowane biya, ban da ladan ejan.

Hujja ta biyu da ejan ya kawo ita ce kwantiragin wata uku-uku ne, na ƙarshe ya ƙare da kansa, ba a bukatar sanarwa. Jami'in ya nemi a nuna masa takardun kwantiragin guda uku. Fom ɗin farko kawai aka iya fitarwa, kuma babu ranar ƙarewa a cikinsa. Rajistar shiga da fita ta nuna aiki ɗaya ne miƙaƙƙe na wata tara.

Maris zuwa Mayu 2025: abin da aka biya

An rubuta yarjejeniya kowa ya sa hannu. Ejan zai biya cikon Oktoba da Nuwamba, da albashin Disamba, da kuɗin wa'adi. Masana'anta za ta ba da cikon Agusta da Satumba, tunda ita ce ba ta ƙara ba a lokacin. Ta kuma ce ba za ta saki kuɗin ejan na wata mai zuwa ba sai ta ga shaidar tura fansho.

Matashin ya tashi da 186,150, aka cire 13,600 cikon kasonsa na fansho, ya rage 172,550. An tura masa 100,000 ranar 21 ga Maris, kafin Ƙaramar Sallah, sauran 72,550 a ƙarshen Afrilu. A watan Mayu alat ɗin fansho ya shigo, 95,400. Tarar jinkiri da dokar fansho ta tanada, wadda ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata ba, ba ta shiga yarjejeniyar ba. Da yake ya wuce wata huɗu ba aiki kuma bai kai shekara 50 ba, doka ta ba shi damar neman kashi 25 na abin da ke asusun.

Kamashon 22,500 bai dawo ba. Ejan ya kafe kan sa hannun da ke fom, jami'in ƙwadago kuma mai sasanci ne, ba alƙali ba. Wanda zai yanke wannan ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba hurumin shari'un aiki, kuma kuɗin lauya da zirga-zirga za su ninka abin da ake nema. Ya haƙura. Aikin ma bai dawo ba. Uku daga cikin goma sha ɗayan, waɗanda ake biya a hannu, albashin Disamba kawai suka samu, domin babu abin da ya nuna nawa ake ba su a baya.

Me ya sa wannan ya yi, wancan bai yi ba

Duk koken da ya kai da baki, ya kai shi ne wurin ɓangare ɗaya a bayan idon ɗayan, kuma kowanne yana da amsar da ke tura shi gaba. A nan tsarin ejan ya fi cutar da ƙaramin ma'aikaci: ba ya ganin abin da masana'anta ta biya, masana'anta ba ta duba abin da ya isa hannunsa, ejan ne kaɗai ke ganin lissafin biyu. Ranar da aka zaunar da su a tebur ɗaya, abin da aka yi wata bakwai ana ja ya warware cikin awa biyu. Shi ya sa sanya sunan masana'antar a koken shi ne mataki mafi nauyi da aka ɗauka. Ba don tausayi ta buɗe fayil ba. Kotun Ma'aikata ta sha duba wanda ke juya ma'aikaci a zahiri, ta ɗora alhaki a kan kamfanoni biyu tare, kuma masana'antar ba ta son ta biya kuɗi ɗaya sau biyu.

Hujjojin da suka tsaya kuwa, duk na hannun wani ne na uku: banki, kamfanin fansho, rajistar bakin get. Ejan zai iya musanta maganar ma'aikaci, amma ba zai iya musanta asusun fansho da babu komai a ciki ba, ga shi kuma lasisinsa a hannun ma'aikatar da ta gayyace shi yake. Yajin rabin yini ya faɗi ne saboda abin da ejan ke sayarwa ke nan, sauya mutum cikin sa'o'i.

Akwai laifin da ba na ejan kaɗai ba. Masana'antar da ke biyan kuɗin fansho wata tara ba ta taɓa neman shaidar turawa ba, sakaci ta yi, kuma ta san amfanin da take ci daga rashin tambayar. Shi ma matashin ya yi asarar da za a iya kaucewa: da ya duba asusun fanshonsa a watan Yuni, da ya gano ɓarnar tana wata biyu, da ya ɗauki hoton fom ɗin kafin ya sa hannu, da ya san da kamashon tun kafin ya ci bashin kuɗin mota. Amma mutumin da ya yi shekara biyu yana neman aiki, aka miƙo masa biro a tsaye da layin mutane a bayansa, ba shi da ƙarfin cewa a dakata ya karanta, kuma ejan ya san haka.

Waɗanda ejan ɗin ya kai masana'antar daga Afrilu 2025 suna samun takardar kama aiki a makon farko, albashinsu 70,000, fanshonsu yana shiga. Takardar ta ce kwantiragin na wata uku ne, da ranar ƙarewa a rubuce, kuma har yanzu ana cire rabin albashin watan farko.